Rabin milimita a zagaye ɗaya

Wayar da ta jefa ni, mai gyaran waya, cikin aikin ƙera wa injin gurza mariƙi ta wani ɗan kasuwar gujiya ce, wanda duk lissafin masu riƙe da kuɗinsa yana cikinta. Aisin da ya mutu a allon lantarkin cikinta, wato ɗan guntun nan mai sarrafa aikin waya, tun daga masana'anta aka zuba masa baƙin gam a ƙarƙashi, irin wanda iska mai zafi ba ta sakin sa sai ta gasa duk abin da ke kewaye da shi. Hanyar da ta rage ita ce a gurje shi har ya ƙare, a share wurin, a ɗora sabo. Na riƙe ƙaramin injin gurza da hannu, idona a madubin ƙara girma, na cinye wajen kashi uku cikin huɗu lafiya lau. Sai hannuna ya ɗan nutsa, ban ko ji ba. Da na hure ƙurar, sai ga layin jan ƙarfe biyu a yanke. Kwana biyu na yi ina ɗinke su da silin wayar lantarki da ya fi zaren ɗinki siranta, mai waya kuma safe da yamma yana bakin shagona.

Jan ƙarfen da ake shimfiɗawa a allon lantarki na yau da kullum kaurinsa wajen 0.035 ne na milimita, na cikin waya kuwa yakan fi haka siranta. Gashin kan mutum ma yawanci ya fi shi kauri. Babu hannun da zai yi ta tsayawa a irin wannan awo na minti ashirin, komai natsuwar mai shi. Daga ranar na ƙudura sai na ƙera abin da zai riƙe injin a tsaye, ni kuma in riƙa sauko da shi da murɗi, kaɗan-kaɗan, ina sane da adadin da na sauko.

Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne abin da zai zo wa kowa. Na shiga shagon kayan gini kusa da babbar kasuwa na sayi doguwar sandar ƙarfe mai haƙora tun daga sama har ƙasa, M8, wato mai kaurin milimita 8, tsawon mita ɗaya, da noti guda huɗu. Mu nan wani ya ce noti, wani ya ce ekuru, duk mai shago ya gane. Na ciro sanduna biyu masu sulɓi daga cikin matacciyar na'urar buga takardu, su ne hanyar da kan injin zai bi. Mai walda ya haɗa mini firam, ya like noti ɗaya a jikin kan, na ɗaura murfin gora a saman sandar don murɗawa. Da ido abin ya yi kyau ƙwarai.

Da na gwada shi a kan mataccen allo sai ya nuna halinsa. In na murɗa, wani lokaci ba ya motsi sam, sai in ƙara, sai ya faɗo gaba ɗaya ya ƙwaƙule allon. In na juya baya don in ɗaga, murfin ya yi ta yawo a hannuna kafin kan ya amsa. Na ɗauka nauyin injin zai riƙa danne notin ƙasa ya hana shi rawa, ashe sandunan sun ɗan matse, kan yana maƙalewa, girgizar injin ce ke sakin sa lokacin da ta ga dama.

Na ɗaura shi a bayan babur na kai wa wani dattijo mai injin tur, wato injin fere ƙarfe, wanda ya san mahaifina, kuma tun ina yaro nake kai masa aike. Ya juya abin a hannunsa, ya murɗa gaba, ya murɗa baya, bai ce komai ba. Ya ɗauko agogon awo, mai allura ɗaya da ke nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, ya kafa bakinsa a jikin kan injin.

Ya ce, "Murɗa, ɗana. To, koma baya sannu, ka sa ido ga allura."

Na koma baya. Sai da murfin ya yi wajen kashi ɗaya cikin takwas na zagaye kafin allurar ta motsa.

Ya ce, "Ka gani? Wanga shi ne wasa. Nawa ne takun sandarka?"

Na ce, "Baba, M8 ce."

"Na san M8 ce. Kaurinta ka faɗa mini. Takunta nike tambaya."

A nan na fara koyon abin da ya kamata in sani kafin in kashe ko dala. Taku shi ne tazarar da ke tsakanin kan haƙori da na kusa da shi, kuma a bulon mai zare ɗaya shi ne nisan da noti ke tafiya a cikakken zagaye. Waɗanda suka yi lakkol suna kiransa da kalmar Faransanci da ma'anarta ke nan, taku. M8 ta kasuwa takunta 1.25 ne. M6 tana da 1, M5 tana da 0.8, M10 tana da 1.5, M12 kuma 1.75. In babu matajin gwada haƙora a kusa, sai ka ɗora ma'auni ka auna taku goma ka raba. Na M8 za ka samu 12.5. Wasan kashi ɗaya cikin takwas na 1.25 ya kama wajen 0.15, wato ya ninka kaurin jan ƙarfen da nake tsoron yankewa sau huɗu da ɗoriya. Kuma ba laifin mai shago ba ne. An yi wannan sanda ne don ɗaure katako da rataye bututu, an bar sarari tsakanin haƙoranta da na noti da gangan, don ta shiga ko da tsatsa ko fenti. In aka ɗaure ta tam sararin ba ya damun kowa. Ni ne na sa ta aikin da ba nata ba.

Wani abokin sana'ata da ya ji labari ya kawo mini sandar da ya cire daga na'urar buga abubuwa da roba, mai sheƙi, da notinta na tagulla. Haƙoranta masu faɗin kai ne, gefensu ya buɗe digiri 30, ba masu tsini na digiri 60 irin na bulon ba. Irin wannan siffa ita ake yi wa sandunan da aikinsu tura kaya, kamar na jak ko na injin tur, don tana jure gogayya. Na auna takunta na samu 2. Amma da na juya ta sau ɗaya sai notin ya tafi milimita 8. Na leƙa bakinta na ƙirga, zare huɗu ne suka taso tare suna nannaɗe da juna. Taku 2 sau zare 4, tafiya 8. Da na tsayar da ita na ɗora mata nauyin injin, notin da kansa ya riƙa juyawa yana gangarowa. Ranar na mayar masa da abinsa. Haƙori mai gangara sosai ba ya riƙe wurinsa, mai ƙaramin taku kuwa in ka sake shi nan yake tsayawa.

Na koma wurin Baba. Wannan karon ya buɗe akwatin katako ya fito da falmarsa a naɗe cikin tsumma, ma'aunin nan mai kama da ƙugiya da ake murɗawa. Sunan daga Jean Laurent Palmer ya samo asali, Bafaranshen da ya yi rajistar ƙirarsa a 1848. Baba ya kwance bayanta ya nuna mini cikinta. Bulon ne kawai mai taku 0.5, da hannun murɗawa da aka raba zagayensa gida 50. Rabin milimita a raba 50, kowane gida kashi ɗaya cikin ɗari. Notin cikinta a tsage yake, da ɗan zobe da ake matsawa in haƙora sun fara sakewa.

Na ce, "Baba, to me zai hana in sayi irinta in yanke kanta in ɗaura?"

Ya ce ana yi, amma ƙurar gurza da girgiza za su kashe ta cikin ƴan watanni, kuma kuɗinta ba na zubarwa ba ne. Gara mu yi namu bulon a kan tsarinta, wanda in ya ci sai a sake wani. Shawara ta tsaya a kan M6 mai taku 0.5.

Bulon ɗin shi zai yanka a tur. Notin ne matsala, don ramin milimita 6 ya yi ƙanƙanta a shiga da wuƙa, sai da taro, ƙarfen nan mai yanka haƙora a cikin rami. Na zaga Maraɗi, duk inda na ce M6 sai a miƙo mini mai taku 1. A wani shago aka ba ni wani aka ce shi ne siriri, na kai wa Baba, ya ɗora mataji ya ce na inci ne. Wannan rikici mu da ke bakin iyaka mun fi kowa shan sa, don kaya suna shigo mana ta Ɗan Isa daga Katsina da Kano, suna kuma zuwa ta Yamai, kowanne da awonsa. Bulon na kwata inci kaurinsa 6.35, mai haƙora 20 a inci takunsa 1.27, shi ne ma ke ƙasan kyamara. Notinsa zai hau M6 ya yi zagaye biyu ko uku kamar nasa ne, sannan ya cije, in ka tilasta ka kashe duka biyun. Baba yana da gwangwani guda na tsofaffin bulon na motocin Ingila, waɗanda haƙoransu digiri 55 ne, tsarin da Joseph Whitworth ya fito da shi a 1841. Ba ya bari su haɗu da sauran ko a tire ɗaya. A ƙarshe wani direba da ke zuwa Kano na ba takarda, na rubuta M6x0.5 da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu a ƙarƙashin 0.5.

Muna jiran taron ne Baba ya nuna mini wata dabara da har yanzu take burge ni. Ya ɗauki ƙarfe ɗaya ya yi wa rabinsa haƙoran M6 mai taku 1, ɗaya rabin M5 mai taku 0.8, duka masu ɗaurewa ta dama. Ɓangaren M6 yana shiga notin da ke kafe a firam, ɓangaren M5 yana shiga notin da ke jikin abin da ake son motsawa. In ka juya sau ɗaya, sandar ta yi gaba da milimita 1, amma ta shige cikin noti na biyu da 0.8, sai abin ya matsa da bambancin kawai, 0.2. Da kayan da ke kowane shago ka samu tafiyar da ta fi ta falma ƙanƙanta. Na yi murna har na ce a bar maganar Kano. Da muka kafa agogon awo sai murnar ta ragu. Tafiyar ta ƙanƙance, amma kuskuren haƙoran bai ƙanƙance ba, na noti biyu ne ma yanzu ya taru wuri ɗaya, wasa ma biyu. Allura takan yi 0.19 a wannan zagaye, ta yi 0.22 a na gaba. Ga wanda yake son ya ɗan gusa abu yana kallon sakamako da idonsa, dabarar ta isa. Ni ina son in ƙirga gida in yarda da ƙirgata, don ƙura tana rufe mini abin da nake ci. Na adana ta a aljihun tebur.

Taron ya iso bayan kwana tara, kuma daidai ne. Ranar da muka yi aikin sai da muka jira wuta ta dawo bayan azahar. Baba ya zaɓi tagulla don noti, ya ce ƙarfe a kan ƙarfe in suka matsu suna cizon juna, tagulla kuwa tana sulɓi, kuma ita za ta ci ta bar bulon. Ya yanke shi da tsawon milimita 18, wato haƙora 36 ne za su riƙe a lokaci ɗaya, kuskuren wannan ya shige cikin na wancan. Ya huda da mesh, wato ƙarfen huda, mai kaurin 5.5. Ƙa'idar mai sauƙi ce, kauri a debe taku: 6 a debe 0.5. Bai cire tagullar daga bakin tur ba, ya kashe injin, ya tokare bayan taron da tsinin da ke fuskantar aikin don kada ya karkata, yana juya kan tur da tafin hannu. Rabin zagaye gaba, ɗan kaɗan baya, ya karya ɓarɓashin. Na tsaya ina riƙe da fitilar waya, ina ganin garin tagulla mai ruwan zinariya yana fitowa ta ramukan taron yana taruwa a kan tsumma. Ya fi minti ashirin a kan wannan rami ɗaya. Na ce ko in karɓe shi, ya ce a'a, hannun da ya fara shi ya san nauyinsa.

Bulon ɗin ya fi ɗaukar lokaci. Zurfin haƙori mai taku 0.5 wajen 0.3 ne na milimita, don haka kowace wucewa ɗan abin da wuƙar ke ɗauka kamar hayaƙi ne. Yana wucewa, ya tsaya, ya goge, ya gwada notin. Sau biyar notin yana ƙin hawa. A na shida ya hau da ɗan nauyi, irin wanda yatsa biyu ke iya juyawa amma ba ya girgiza in ka ja shi. Ya tsaga notin ta gefe ɗaya da siririn zarto, ya sa ƙaramin bulon da zai matse tsagar in an kwana biyu. A ƙarshen bulon ɗin ya yi ɗan gurbi ya dasa ƙwallon boris guda.

Ƙwallon nan da abin da ya biyo bayansa su ne suka gyara aikin, fiye da sirantar haƙoran. Baba ya ce in daina rataye kan injin a jikin noti. Notin ya koma saman firam, a kafe. Sifirin biyu suna jan kan injin sama da ƙarfin da ya fi nauyinsa. Bulon yana saukowa ta cikin noti, ƙwallon bakinsa yana danna wani ɗan taurin ƙarfe mai sulɓi a kan injin, yana tura shi ƙasa. Ta haka haƙoran kullum a gefe ɗaya suke jingine, ko kana sauka ko kana hawa, wasan yana nan amma ba shi da damar buɗewa. Turin da allon ke yi wa bakin gurza shi ma sama yake yi, gefen da sifirin ke ja. In wani abu ya kuɓuce, injin sama zai gudu ya bar allon. Ƙwallon kuma, da yake a ɗigo ɗaya yake taɓawa, ko bulon yana da ɗan lanƙwasa ba zai riƙa jan kan hagu da dama ba. Ya kuma nace sai bulon ya zauna saitin bakin gurzar, ko kusa da haka iyakar iyawa, don in yana can gefe duk ɗan karkatar da kan ya yi sai ta ƙaru kafin ta isa baki. Mai walda ya sake yanka firam saboda wannan magana, ransa bai so ba.

Sandar M8 ta farko ba ta tafi a banza ba. Ita ce yanzu ke ɗaga dukan saman firam ɗin da sauri in zan sa allo ko in cire, in na kai kusa sai in ɗaure da maɗauri a gefe, siririn ya karɓi aiki. Tafiyar siririn duka milimita 10 ce, kuma ban taɓa bukatar rabinta ba.

Raba hannun murɗawa gida 50 ni na yi da kaina. Na lissafa cewa da'irar da kaurinta 31.8 zagayenta milimita 100 ne. Baba ya fere mini ƙarfe a wannan awo, ya rage ɗan kaɗan saboda kaurin takarda. Na zana layuka a siririyar takarda, kowane milimita 2 layi ɗaya, na goma-goma na ja su da jan biro, na naɗa na like, bakin ya haɗu da baki. Allurar keken ɗinki da ta karye ita ce manuni. Muka kafa agogon awo. Gida goma, allura ta nuna goma. Zagaye biyar, 2.5, da saɓanin gida ɗaya. Na koma sifili ta sama, na dawo ta ƙasa, bambancin bai kai gida ɗaya ba. Duk da haka Baba ya ce in saba da hali ɗaya: in na wuce inda nake so, in koma baya da rabin zagaye, in sake saukowa, kullum ta hanyar sauka.

Abu biyu Maraɗi ta koya mini bayan na kai shi shago. Na farko zafi. Na saita sifili da safe a watan Afrilu, na dawo kansa bayan la'asar na tarar ya kauce da gida biyu ko uku. Maƙalin da ke riƙe injin na alminiyam ne, mai tsawon wajen milimita 200. Alminiyam yana miƙewa da wajen 0.023 na milimita a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, ƙarfe kuwa wajen rabin haka. Digiri goma tsakanin safe da rana a ƙarƙashin rufin kwano ba abin mamaki ba ne a nan, kuma bambancin miƙewar maƙalin da ta firam a wannan tsawo ya haura 0.02, ga ɗumin injin kansa. Ba banza ba ake yin awon masana'antu a digiri 20. Yanzu kafin kowane aiki nakan bar injin ya yi gudu minti biyar, in kashe, in sa takardar buga rubutu a kan aisin, wadda kaurinta wajen 0.1 ne, in sauko har ta fara kamawa, daga nan in fara ƙirga.

Na biyu ƙura. Da farko giris na lafta wa bulon, da hunturu ya shigo sai giris ɗin ya zama baƙin ƙulli mai ƙaiƙayi a yatsa, yana cin tagullar. Na wanke shi da kananzir, na koma ɗigo ɗaya na man keken ɗinki, na yanko tsohon tiyub na keke na sa masa kamar hannun riga daga noti zuwa kan injin.

Aikin gaske na farko wayar wani ɗan kabu-kabu ce. Na manne allon a farantin ƙarfe, na rufe kewayen da tef, na saita da takarda. Gida biyar-biyar na riƙa ci da farko, ina zagaya farantin a ƙarƙashin baki, baƙin gari yana tashi. Da launin ya fara sauyawa na koma gida biyu, sannan ɗaya-ɗaya, ina hurewa ina leƙawa bayan kowace wucewa. Can sai ga ɗige-ɗigen dalma sun fito jere, farare, kamar an yayyafa gero a kan baƙin tire. Na ɗaga injin, sauran na share da kan gautan dalma. Babu layi ko ɗaya da ya ji rauni. Kafin magariba wayar ta kama, mai ita ya kira gida a gabana don ya tabbatar.

Ranar Juma'a na kai wa Baba goro da guntun mataccen allon da na yi gwaji a kansa. Ya ɗaga shi saitin hasken ƙofa, ya shafa wurin da farce, ya tambaye ni ko na matsa tsagar notin tun da na tafi da shi. Na ce ban taɓa ba tukuna. Ya ce in duba ta bayan wata uku, kuma in na zo matsawa kada in wuce kwatan zagaye.